Wace na'urar maikurowef zan saya, kuma yaya zan yi amfani da ita?

Ka tambayi girman maikurowef, wato na'urar ɗumama abinci, da ya dace da gida mai mutum huɗu da abin da ya kamata ka kiyaye. A ganina, mai cin lita 20 zuwa 25 da ƙarfin wat 800 zuwa 900 ta wadatar, sai dai ka lura cewa wutar da take ja ta fi wannan adadi, domin mai wat 800 takan ja wajen wat 1,200.

Na'urar tana aiki ne da igiyoyin lantarki marasa ganuwa, irin na rediyo, da ke motsa ruwan da ke cikin abinci, amma ba sa ratsa shi har tsakiya sosai, shi ya sa gefen kwano yakan yi zafi alhali tsakiya na nan da sanyi. Saboda haka ka riƙa juya abincin a tsakiyar lokaci, sannan ka bar shi ya huta minti ɗaya ko biyu. Kada ka sa cokali ko kwanon ƙarfe, domin yana tartsatsi, haka nan ƙwai da ɓawonsa fashewa yake yi. Na taɓa shafe rabin sa'a ina goge gwaiduwa a rufin tawa. Tangaran da gilashi mai jure zafi sun fi roba aminci.

Idan ƙofar ta daina rufewa sosai ko na'urar ta daina ɗumamawa, ka kai wa ƙwararren mai gyara, domin akwai wani sashe a cikinta da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire filogi.