Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Tsara Banɗaki a Ginin Jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu za ta gina ɗakin taro a unguwar Pantami, da shaguna a gabansa da ƙaramin masallaci a gefe. Magininmu ya ce a fara da babban gini, in an kammala sai a nemi wani lungu a yi banɗakuna, amma dattawanmu ba su gamsu ba. Mece ce shawararku? Daga sakataren kwamitin gini, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dattawanku ne ke kan daidai, domin tun kafin a haƙa harsashi ya kamata a san inda ruwa zai shigo da inda ƙazanta za ta fita. Bututun ƙazanta da gangara yake aiki. Mai faɗin inci 4, wanda aka saba sa wa masai, ana so ya sauka da kimanin santimita 10 a kowace mita 4, kuma idan aka riga aka zuba daɓe ba tare da wannan lissafi ba, to ko dai a fasa siminti ko a zauna da toshewa duk mako. A jera banɗakunan maza da na mata baya da baya domin su haɗa bango ɗaya na bututu, a yi camba, wato ɗan ramin duba bututu, mai murfi a duk inda bututun ya yi kwana, sannan a fitar da bututun iska ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙudaje.

Ramuka biyu ake yi, na farko wanda ƙazanta ke kwantawa a ciki, na biyu sokawe wanda ƙasa ke tsotse ruwansa. Su nisanci rijiya ko bohol da aƙalla mita 30, har da na maƙwabta, waɗanda galibi ake mantawa da su. Ku haƙa ɗan rami a filin, ku cika shi da ruwa ku ga saurin shanyewarsa, domin baƙar laka da ake samu a wasu sassan jihar ba ta shan ruwa, kuma kada a kai sokawe bakin kwari a garin da zaizayar ƙasa ta riga ta dame shi. A bar hanyar da motar yashe masai za ta shigo.

Ruwan alwala, wanda nake ganin a nan aka fi yin kuskure, kada a haɗa shi da ramin farko. Yawansa a ranar taro kan cika ramin, ya tunkuɗa ƙazantar da ba ta kwanta ba zuwa sokawe, sai ya toshe tun bai yi shekaru ba. A yi masa magudana tasa, ko a karkatar da shi ga shuke-shuke.

Alƙibla daga Gombe tana gabas ne, ta ɗan karkata arewa, saboda haka a girka masai yadda mai tsuguno zai fuskanci kudu ko arewa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin fuskantar alƙibla wajen biyan buƙata a cikin gini, amma jama'a ba sa sakewa da banɗakin da ya kalli gabas, kuma a kan takarda gyaran ba ya cin ko kwabo. Ƙofar mata ta kasance daban, nesa da mazaunin maza, a kuma ƙara musu yawan ɗakuna, tunda sukan zo da yara, tare da kwandon shara mai murfi domin kada ƙunzugu ya shiga bututu.

Masai na tsuguno ya fi jure wa taro, kuma buta ɗaya ko biyu ta isa kora shi. Duk da haka a ware ɗaki guda mai masai na zama saboda tsofaffi da masu buƙata ta musamman, mai ƙofar da ta kai santimita 90, da ƙarfen dafawa a bango, da gangaren da keken guragu zai hau. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a. Ruwan famfo da ake turo wa Gombe daga madatsar Dadin Kowa kuwa ba kullum yake zuwa ba, don haka a tanadi tankin sama, a sa famfo a kowane ɗaki daidai tsayin cika buta, da makulli a kowane sashe yadda za a yi gyara ba tare da yanke wa ginin ruwa gaba ɗaya ba. Ku nemi mai zanen ginin ya ba ku zanen bututu daban, ku zauna a kansa da magini da mai aikin famfo kafin a kai shi hukumar tsara birane.