An ce kundina labari ne don babu takardar tambayoyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin tushen ilimi, ɓangaren tarihi da falsafa. Batun da na gabatar shi ne tsarin karantarwar 'Yan Taru na Nana Asma'u, wato tsarinta na ilmantar da mata. Ranar gabatarwa wani malami ya ce wannan labari ne kawai, tunda babu takardar tambayoyi kuma babu alƙaluma. Wata uku ke nan aikina ya tsaya cik, ko barcin kirki ba na yi, ga kuɗin makaranta na tafiya. Ƙawata ta ce akwai mai shagon da zai haɗa min babi na huɗu da teburan lissafi. In sauya batu ne, ko in je wurinsa? Ɗalibarku daga Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. Kada ki sauya batu, kuma kada ƙafarki ta taka shagon nan.

Maganar da aka faɗa miki kusan kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. An ɗauki hanya guda ta bincike, wadda ta dace da auna ra'ayin jama'a, an mayar da ita awo ga kowane kundi. Tambaya ce ke zaɓar hanya. In kina son sanin malaman firamare nawa ke amfani da harshen uwa a aji, raba takarda ki ƙirga. Amma wa za ki raba wa takarda a kan abin da ya faru a Sakkwato da Wurno kafin 1864, shekarar da Nana ta rasu? Mutum 300 da za su cike miki "na yarda" da "ban yarda ba" ba su halarci zaman ba. Abin da suka ji a rediyo za su mayar miki.

Ga misali da nake ba ɗalibaina. Tsayar da mutum ɗari ki tambaye su asalin kalmar "boko", mafi yawansu za su ce daga kalmar Turanci ta littafi ta fito. Da da ƙidaya ake gano gaskiya, da an rufe magana. Amma a 2013 Paul Newman ya bi tsofaffin ƙamus da ƙa'idojin sautin Hausa, ya nuna kalmar tamu ce tun asali, ma'anarta abin bogi ko yaudara, kamar yadda muke cewa amaryar boko. Wannan ya buɗe mana ido kan irin kallon da kakanninmu suka yi wa makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909. Babu tebur ko ɗaya da zai ba ki wannan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɓarnar da wannan fahimta ke haifarwa. Ana tilasta wa ɗalibi alƙaluman da batunsa bai buƙata, sai ya garzaya shago. Can wani yaro zai zauna da SPSS, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya cike takardu 200 da hannunsa, ya sauya biro don kada a gane, ya fitar da teburan da za su burge kwamiti. Na duba kundaye da dama da amsoshinsu suka zo sak da na wani kundin, sunan ƙaramar hukuma kaɗai aka canja. Ƙarya ce aka ɗinke da baƙin bango aka ajiye a laburare, gobe wani ya kafa hujja da ita, jibi a gina manufar ilimi a kanta. Wanda ya biya da wanda ya haɗa duk sun yi shaidar zur, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna a ajin da aka tsara da ita. Mu da muka gaji ilimin isnadi, inda ake tantance mai ruwaya kafin a karɓi maganarsa, bai kamata a ce mu ne muke wannan ba.

Sai dai malamin nan yana da inda zai kama ki. In kika tara yabon Nana kika jera, to lallai labari ne. Abin da zai mayar da shi bincike shi ne tantance madogara. Nana ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ɗan'uwanta Isa ya fassara wasu waƙoƙinta zuwa Hausa. Saboda haka kowace waƙa da kika ɗauka, ki faɗi da wane harshe aka fara yin ta, wa ya fassara, wa ya kwafa, me ramzin ƙarshenta, wato haruffan da ke nuna shekara, ya nuna. Tarin ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 mafari ne mai kyau, amma ki nemi kwafin ajami ki gwama. Kina Sakkwato, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu na kusa da ke. In hali ya yi ki leƙa Arewa House a Kaduna.

Hira da dattijai mata da suka gaji aikin jaji, wato malamar da ke jagorantar 'Yan Taru, ita ma madogara ce. Ki tambayi kowacce daga bakin wa ta karɓa, kuma ki raba abin da ta gani da abin da aka ba ta labari. Sannan ki fito da tambayarki fili: me ya sa aka zaɓi waƙa a matsayin manhaja, me malfar da ake ɗora wa jaji ke nufi game da izinin karantarwa, kuma yaya tsarin ya ci gaba a hannun ƙanwarta Maryam?

Ki rubuta shafi uku a kan wannan hanya, ki kai wa mai duba aikinki kafin kowa ya gani. Shi ne zai tsaya miki a gaban kwamiti, kuma ki roƙe shi a sa masanin tarihin ilimi cikin masu jarraba ki.