Hajiya, ki bar shi ya je gidan tarihin

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 16 yana son ya yi hutun lakwal yana taimakawa kyauta a gidan tarihi na Boubou Hama, kina tsoron ɓata lokaci ne. Ni dai na ce ki bar shi.

Mu mutanen Yamai mun ɗauki wurin nan gidan kallon zaki da dorina kawai, sai ranar salla a tuna da shi. Alhali tun 1959 yake, kuma akwai ilimi jibge a ciki. Ga ƙasusuwan dinozor, wato manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya, da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, ga na wani ƙaton kada na zamanin da. Ga kuma ragowar itaciyar Tenere, wadda ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada kafin mota ta kaɓe ta a 1973. Yaron da ya iya yi wa ƙannensa bayanin waɗannan da Hausa ko Zabarmanci ai ya wuce mai hadda a aji.

Amma kada ki tura shi shi kaɗai. Ku je ofishin tare, da takarda daga makarantarsa, ki ji aikin da za a ba shi da wanda zai kula da shi. Ya riƙa zuwa da safe, da gorar ruwa. Ranar Yamai ba ta da wasa.