Tambayoyi da Amsoshi: Da Wace Manhaja Zan Naɗi Hirar Bincike ta Intanet?

Yawancin saƙonnin wannan mako sun fito ne daga ɗaliban jami'a da ma'aikatan bincike waɗanda ke hira da mutane ta intanet domin tattara bayanai, kuma damuwarsu ɗaya ce, wato yadda za su naɗi hirar ba tare da ta salwanta ba. Na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin ilimi, ina zaune a Zariya. Bincikena ya shafi malaman makaranta da ke garuruwa daban-daban, kuma mai duba aikina ya amince in yi hirar ta intanet. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka, amma ba ni da halin biyan kuɗin manhaja. Wacce ta dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da Zoom, amma a kan kwamfutar, ba a kan waya ba. Asusun Zoom na kyauta yana ba ki damar naɗar ganawa ki adana ta a cikin kwamfutarki, alhali kuwa manhajarsu ta waya ba ta yin wannan sai ga wanda ya biya kuɗi, shi ma a rumbun kamfanin da ke intanet take ajiye masa. Kafin ranar hirar farko, ki shiga saitin naɗa ki kunna zaɓin da ke ware wa kowane mahalarci fayil ɗin muryarsa daban. Wannan ƙaramin zaɓi shi ne abin da na fi so ki riƙe a duk amsata, domin a lokacin da kika zo mayar da magana rubutu, za ki tarar da wurare da yawa inda ke da malamin kuka yi magana a tare, kuma sau da yawa a irin wuraren nan ne mutum yake sakin maganar da ta fi kowace daraja. Idan muryoyin a haɗe suke, wannan magana ta tafi. Idan a ware suke, sai ki saurari tasa ita kaɗai.

Asusun kyauta yana katse ganawa bayan minti 40, ko da ku biyu ne kacal. Kada ki bari ya yanke ku a tsakiyar zance. Ki tsara tambayoyinki kashi biyu, ki sanar da malamin tun farko cewa za ku ɗan dakata wajen minti 35 sannan ku sake shiga. Haka kuma, Zoom ba ya kammala fayil ɗin sai bayan an rufe ganawar, inda yake ɗaukar 'yan mintuna yana sarrafa shi, don haka kada ki kashe kwamfutar da zarar kun yi sallama. Idan aka samu tangarɗa ta mutu kafin ya gama, ki duba babban fayil na Zoom a cikin takardunki, za ki ga ɗanyen fayil ɗin da za ki danna sau biyu ya ci gaba da sarrafawa.

Google Meet da Microsoft Teams su ma suna naɗa, sai dai galibi ga masu asusun biya ko asusun da jami'a ta buɗe wa ɗalibanta, don haka yana da kyau ki tambayi sashen fasahar sadarwa na makarantarku ko adireshinki na ɗaliba yana da wannan dama. Idan kuma wani tsohon littafin dabarun bincike ya nuna miki Skype, ki sani cewa Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025.

Akwai wata hanya ga wanda katsewar minti 40 ta dame shi. Google Meet na kyauta yana barin mutum biyu su yi magana na tsawon sa'o'i, sai ki haɗa shi da OBS Studio, wata manhaja ta kyauta da ke naɗar abin da ke fuskar kwamfuta tare da sautin da ke fita daga cikinta da wanda ke shiga ta makirufo. Ki saita ta ta riƙa adanawa a tsarin MKV maimakon MP4, domin idan wuta ta ɗauke ko kwamfutar ta daskare, fayil ɗin MKV yana riƙe abin da aka riga aka naɗa, shi kuwa MP4 da bai kammala ba yana iya lalacewa baki ɗaya. Daga baya OBS ɗin da kansa zai juya miki shi zuwa MP4.

Ko wacce kika zaɓa, ki ajiye wayarki kusa da lasifikar kwamfutar tana naɗar murya a matsayin madadi. Na taɓa rasa hirar fiye da awa ɗaya da wani dattijo, saboda na dogara da manhaja ɗaya wadda ban gwada ba, kuma da na koma wurinsa, bai sake ba ni labarin da irin daɗin da ya ba ni da farko ba. Sai dai ki lura, idan kin saƙala abin sauraro a kunne, wayar muryarki kaɗai za ta ɗauka.

Tambaya: Malam, ina bincike ne a kan 'yan kasuwa, kuma kusan dukkansu WhatsApp kawai suka sani. Na gwada naɗar fuskar wayata lokacin kira, da na saurara sai na ji shiru a ɓangarensu. Mene ne laifina?

Amsa: Ba laifinka ba ne, ɗan'uwa, haka aka gina wayoyin. WhatsApp ba shi da maɓallin naɗar kira, sannan tsarin Android da na iPhone suna hana wata manhaja kutsawa cikin sautin kiran da ake kan yi, shi ya sa mai naɗar fuskar waya yakan ba ka hoto babu murya, ko muryarka kai kaɗai. Tun a watan Mayun 2022 Google ya toshe hanyar da manhajojin naɗar kira na waje suke bi a Play Store. Wasu wayoyin Android suna zuwa da nasu mai naɗar kira na asali, iPhone ma ya samu nasa daga iOS 18.1, amma galibin waɗannan an yi su ne domin kiran layi, ba domin WhatsApp ba. Ina roƙonka ka nisanci manhajojin da ake saukewa daga shafukan da ba a san asalinsu ba masu alƙawarin naɗar kiran WhatsApp, domin izinin da suke nema ya kai ga karanta kusan duk abin da ke wayarka, kuma sirrin da za ka zubar ba naka kaɗai ba ne, har da na mutanen da suka amince da kai.

Mafita biyu ce. Ta farko, ka buɗe lasifikar wayar a ɗaki marar hayaniya, ka kashe fanka, ka ajiye waya ta biyu kamar taƙi ɗaya daga gare ta tana naɗa, dukkansu a kan tabarma ko mayafi domin kada tebur ya riƙa mayar da amo. Ta biyu, ka yi kiran daga manhajar WhatsApp ta kwamfuta, OBS yana naɗa. Idan kuwa sabis ɗin wanda kake hira da shi yana yankewa, ka kashe bidiyo, domin murya kaɗai ba ta cin data sosai kuma ta fi jure raunin sabis.

Ga 'yan kasuwa musamman, ka yi tunani a kan saƙon murya. Ka aika tambaya, shi ya amsa bayan ya rufe shago. Sautin yakan fito tas saboda a wayarsa aka naɗe shi kafin a turo, ko da yake za ka rasa damar bin zancensa nan take, wadda ita ce ruhin hira.

Tambaya: Akwai manhajar da za ta mayar mini da hirar Hausa rubutu kai tsaye?

Amsa: Akwai masu gwadawa, amma kada ka gina jadawalin aikinka a kansu. Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya saki kyauta a watan Satumbar 2022, tana da Hausa cikin harsunan da take karɓa, kuma tana iya aiki a cikin kwamfutarka ba tare da ka tura muryar kowa waje ba, sai dai kurakuranta a Hausa suna da yawa, musamman idan mai magana yana sirka Turanci ko yana da karin harshen Sakkwato ko Damagaram. Na fi ganin amfanin oTranscribe, wadda ke ba ka damar rage saurin magana da komawa baya da maɓallan kwamfuta kana rubutawa, ko ELAN ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen idan bincikenka na harshe ne. Ka ware wa kowace awa ɗaya ta hira sa'o'i da dama na rubutu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na lura mutane suna ɗari-ɗari idan na ce zan naɗa. Tunda don ilimi nake yi, ba zan iya naɗa ba tare da na faɗa musu ba?

Amsa: A'a, Malam, kada ka yi haka. Muryar mutum amana ce da ya ba ka, kuma ana gane mutum da muryarsa ko da ka sakaya sunansa a rubutu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin samun halastaccen dalili da kuma kiyaye abin da ya tattara, idan kuma wanda kake hira da shi yana Tarayyar Turai ne, akwai dokarsu ta kare bayanai, wato GDPR, da ta fara aiki a 2018. Ban da doka, kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a yana iya watsi da bayanan da aka samo ta ɓoye, wahalar watanni ta tashi a banza. Zoom yana sanar da mahalarta idan an fara naɗa, amma OBS da waya ta biyu ba sa sanar da kowa, don haka a nan nauyin yana wuyanka kai kaɗai.

Ɗari-ɗarin da kake gani yakan ragu idan mutum ya san inda muryarsa za ta je. Ka faɗa masa da harshen da yake ji wanda zai saurare ta, da inda za ka ajiye ta, da lokacin da za ka goge ta, da kuma cewa yana da ikon cewa ka tsaya a kowane lokaci. Bayan ka danna maɓallin naɗa, ka sake tambayarsa domin amincewarsa ta shiga cikin fayil ɗin. Wanda ya ƙi, ka yi hirar da biro da takarda.

Sannan ka cika alƙawarin da ka ɗauka. Ka sa wa fayiloli lamba maimakon sunayen mutane, ka ajiye jerin sunayen a wani wuri daban. Ka kulle fayilolin da kalmar sirri ta amfani da manhajar 7-Zip ko VeraCrypt, dukkansu kyauta ne. Ka yi kwafi biyu a ranar hirar, ɗaya a kwamfuta ɗaya a faifan ajiya na waje; wuri ba zai zama matsala ba, tunda awa ɗaya ta murya a tsarin MP3 mai matsakaicin inganci ba ta wuce megabait 60 ba. Kafin ka kai wayar ko kwamfutar wurin mai gyara, ka kwashe fayilolin daga cikinta, kuma ka duba ko wayar tana tura naɗe-naɗenka zuwa Google Drive ko iCloud da kanta, idan tana yi ka kashe wannan saiti kafin hira ta gaba.