Tambaya da Amsa: Mun Buɗe Adakar Kakanmu, Ta Ina Za Mu Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗalibi ne a Zariya. Bara Allah ya yi wa kakanmu rasuwa. Bayan an yi arba'in muka buɗe wata adaka a ɗakinsa, muka tarar da gafaka biyu cike da takardu, wasu da Larabci wasu da ajami, haɗe da tsofaffin rasit na haraji. Gara ta fara cin gefe guda. Ni da 'yan'uwana muka yanke shawarar ba da Asabar da Lahadinmu, ba don a biya mu ba, mu tattara tarihin gidanmu. Wani baffanmu ya ce a kai takardun a yi musu laminatin, wani kuma ya ce a miƙa wa gwamnati kowa ya huta. Ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa, ku kuma Allah ya yi muku albarka.

Yau ɗin nan ku ɗaga adakar daga ƙasa, ku ɗora ta kan tebur nesa da bango da inda rufi ke yoyo, ku rufe ta tukuna. Akwai abin da ya fi ta gaggawa. Wace ce ta fi kowa tsufa a cikin matan gidanku? Wajenta za ku fara. Takardar da ta shekara ɗari za ta iya jiran wata biyu idan an raba ta da gara, amma mai shekara tamanin da biyar babu wanda ya isa ya yi muku alkawarin wata daminar.

Da gangan na ce ku fara da mace. Namiji yakan riƙe layin uba kaɗai, wane ɗan wane ɗan wane, har ya kai ga kakan da ake alfahari da shi ya tsaya. Tsohuwa ce ta san wa ya auri wa, wace ce ta fita ta dawo, wane yaro aka bayar riƙo ya tashi da sunan wanda ba shi ya haife shi ba, wa ya sha nonon wa. Wannan na ƙarshen ma hukuncin aure ne ya rataya a kansa. Ku a Zariya kuna da misali a ƙofar gida. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe masu nazarin rayuwar ƙasar Zazzau kafin zuwan Turawa ba sa tsallake shi. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi karatun boko ba.

Idan za ku je, ku tafi da goronku, ku tura wanda take wasa da shi cikin jikoki, don shi ba ta jin nauyinsa. Ku nemi izini kafin ku kunna waya, kuma a farkon kowace hira ku faɗi ranar da sunan mai magana da inda ake zaune. Kada ku tambaye ta shekara, ba da ita take lissafi ba. Ku tambaye ta wane sarki ne a kan gado lokacin da aka yi abin. In ta ce uwarta ta yi aure zamanin Aliyu Ɗan Sidi, kun san tsakanin 1903 ne da 1920. In ta ce zamanin Ja'afaru, 1937 zuwa 1959 ke nan. Haka yunwar 1914, da annobar mura ta 1918 da ake kira marisuwa, da zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, duk turaku ne da za ku ɗaure labari a jikinsu. Ku sani kuma ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan fari ba, sai ku ji tana cewa Malam ko mai sunan wane. Kada ku matsa mata, ku tambayi wata a gefe. Laƙabi kuwa ku rubuta shi tare da sunan yanka, domin shi ma shaida ne: Tanko yana gaya muku mata ya biyo, Gambo ya biyo tagwaye ko da babu mai tuna su yanzu, Audi kuwa uban ya rasu yana ciki.

To, mu koma kan adaka. Ku gaya wa baffanku cikin ladabi cewa laminatin ba magani ba ne. Zafin na'urar da gam ɗin ledar suna shiga jikin takarda, kuma in aka liƙe an liƙe ke nan. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru sai ya yi ja ya bar tabo a kan rubutun. Kada a fesa fiya-fiya, kada a shanya a rana, kada a ƙulle a leda domin tana tara laima. A kakkaɓe ƙasar garar da buroshi mai laushi a inuwa, da hannu wankakke busasshe, a naɗe kowane kundi daban a cikin farin ƙyalle na auduga. Adakar kanta a share ta sarai kafin a mayar da komai.

Abin da na fi jin tsoro daga matasa masu himma shi ne gyara. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, wato bangon littafi, kuma babu lambar shafi. Marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, da ita ake gane jeri. Na taɓa ganin kundin da jikoki suka baje a tabarma, suka ware manyan takardu gefe, ƙanana gefe, wai don ya yi kyan gani. Littafi uku suka cakuɗe, wasiƙun da ke tsakankanin shafuka kuma aka rasa daga ina suka fito, alhali inda mai littafi ya soke wasiƙa shi ma labari ne. Saboda haka yadda kuka samu haka za ku ɗauki hoto, warƙa bayan warƙa, gaba da baya, da hasken safiya ba tare da fitilar waya ba, kuma hoton ya haɗa har da gefen takardar. Gefen nan ne ma wurinku, ku masu neman nasaba. A nan malamai ke rubuta an haifa mini wane daren kaza ga watan kaza, ko wance ta rasu. A ƙarshen littafi kuma, bayan kalmar tammat, wato ya ƙare, sau da yawa za ku ga sunan wanda ya kwafa da na ubansa da wanda aka kwafa wa.

Shekarar takan zo da haruffa maimakon lambobi, abin da malamai ke kira ramzi. A nan ku nemi tsohon malamin zaure da ya san hisabi, domin lissafin haruffan ƙasarmu na Magariba ne: harafin shinun a wajenmu dubu ne, a lissafin Gabas kuwa ɗari uku. Wanda bai san wannan ba sai ya ɓatar muku da ƙarni bakwai a zama ɗaya. Ku ɗaga warƙa ɗaya ma ku duba ta a haske. In kun ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Alama ce ta tsufa, ko da yake ba ta yanke shekara.

Maganar gwamnati kuwa, akwai wuraren da aka kafa don wannan, kuma ba su da nisa da ku. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana tara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960. Arewa House da ke Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, an kafa ta a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa. Ku je ku nemi shawara, ku ba su kwafin hotunan. Amma ainihin takardun gado ne, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, har gwaggwanninku da ke gidajen aure. Kada a fitar da ko warƙa ɗaya sai kowa ya yarda, kuma a rubuta a takarda ko aro ne ko kyauta, a sa hannu. Ni abin da na fi so shi ne magada su mai da su waƙafi, a naɗa mai kula, don kada rabon gado na gaba ya yayyaga kundin kashi-kashi. Rasit ɗin harajin nan kuma kada ku raina su, suna nuna unguwa da shekara. Da su za ku shiga gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ku nemi rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumarku. Sunan talaka ba kasafai yake fitowa a ciki ba, amma za ku ga dagatai da masu unguwanni da sana'o'in garin. Hotunan kuwa kada su kwana a waya ɗaya. Ku raba wa gidaje uku, ku buga muhimman a takarda.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Ina rubuta asalin zuri'armu, sai gwaggona ta gaya mini cewa kakar kakanmu kamo ta aka yi a yaƙi, aka sa ta a ɗaka. Kawunnaina suka ce ƙarya ne, mu daga Katsina muka zo gaba da baya, in na rubuta wannan sun yafe ni. Me zan yi?

AMSA: Malama, wannan tambayar ta fi ta farko nauyi. Maganar kawunnanki da ta gwaggonki suna iya zama gaskiya duka biyun. Maraɗi Katsinawa ne da suka bar birni bayan jihadi suka kafa ta, kuma kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya ana kai hari ana ramawa tsakaninta da ƙasashen Sakkwato. Mata da yara ake kwashewa ta kowane ɓangare. Gida ya zama Bakatsine ta wajen uba, kuma a samu kakar da aka kamo, ba abin mamaki ba ne. A shari'a ɗan da ubangijin baiwa ya haifa da ita ɗa ne cikakke, yana gado kamar kowa, kuma sarakunan ƙasar Hausa da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne.

Shawarata, ki rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Ke mai tattarawa ce, ba a naɗa ki alƙali ba, kuma ba ki da ikon goge mace daga cikin kakanninki don wani ya ji daɗi. Ita ma tana da suna, tana da garin da aka raba ta da shi, wataƙila gwaggo na tuna irin zanen fuskarta ko wata kalma ta yarensu da take yi wa jikoki. Ki tambaya tun gwaggo na da rai. Ni wannan ne ya fi ci mini rai a cikin tarihin gidajenmu, yadda ake tsawaita salsalar uba har a kai ta Makka ba tare da hujja ba, a bar uwar da ta yi goyo babu ko suna.

Sai dai rubutawa daban, yaɗawa daban. Na san har yanzu ana fasa aure saboda kalmar asali, kuma akwai 'yan mata a gidanku da ba su ji ba su gani ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarce mu da sanin nasaba gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, don haka kada aikinki ya zama sanadin yanke shi. Ki yi littafin da za a raba wa dangi da abin da aka yi ittifaƙi a kai, ba tare da kin sa ƙarya a ciki ba. Cikakken bayanin da muryar gwaggo ki adana su wajen mutum biyu amintattu. In kina son ajiyar da ta fi ta gida, cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda ya samo tushe daga abin da marubucin Nijar Boubou Hama ya tara. Ki tambaye su ko suna karɓar ajiya da sharaɗin kada a buɗe sai bayan wasu shekaru. Kawunnan kuma ki bi su a hankali, ki fara da wanda ya fi sauƙin kai.

TAMBAYA: Malam, mu matasan zango ne a Kumasi. Wani ya zo yana son sayen littattafan marigayi limaminmu. Mu sayar, ko akwai masu tallafa wa irin wannan aiki?

AMSA: Kada ku sayar, ƙannena. Littafin da ya bar zango ta hannun dillali ba a sake jin ɗuriyarsa, kuma wa ya sani ko a ciki akwai kwafin waƙoƙin Alhaji Umaru, shahararren malamin garin Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, tunda almajiransa sun bazu a zangunan Gana. A shekarun 1960 cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon aron littattafai take yi daga hannun malamai, ta ɗauki kwafi, ta mayar wa masu su. Duk wanda ya zo muku, wannan sharaɗin za ku gindaya masa. Tallafi kuwa akwai. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na ba da kuɗin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, kuma ƙa'idarsa ainihin takardun ba sa barin ƙasarsu. Ku sani dai ana sa hotunan a intanet kowa ya gani, don haka sai iyalan liman sun amince. Ku fara da lissafa abin da ke akwai, kundi nawa, warƙa nawa, wane fanni, sannan ku nemi wani malami a jami'a ku shigar da buƙatar tare.