Rayayyen Dutse Ko Injin Tace Ruwa: Wanne Zan Fara Saya?

Tambaya: Na sayi tankin gilashi mai cin lita 120, ina so in fara kiwon kifin teku na ado a falona a unguwar Arkilla, Sakkwato. Mai sayarwa a Legas ya ce sai na haɗa da "rayayyen dutse" da injin cire datti mai tsada. Kuɗina ba za su kai duka biyu ba. Wanne zan sa gaba? Kuma zan iya amfani da ruwan bohol da gishirin miya?

Amsa: Malam, dutsen za ka sa gaba, amma ba yadda ya tsara maka ba.

Dutsen nan ba rai gare shi ba. Ɓaraguzan murjanin teku ne masu ramuka kamar soso, bakteriya sun yi gida a ciki. Su ke juya amoniyar da ke fita daga kashin kifi ta koma naitirait, daga nan ta koma naitiret mai sauƙin dafi. Wato shi kansa dutsen matata ne. Kilo ɗaya ga kowace lita 10 ya isa, kai kilo 12 ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanya. Dutsen da ya kwana a but ɗin mota daga Legas zuwa Sakkwato, kana buɗe kwalin warin ruɓaɓɓen ƙwai zai tarbe ka. Abin da ka biya kuɗi dominsa ya mutu tun kafin Kwantagora. Sayi busasshen dutse, ya fi araha, ka sa a taho maka da rayayye guda ɗaya ko biyu a nutse cikin ruwan gishiri a kula mai riƙe sanyi. Shi ne irin da zai yaɗu ga sauran. Sai haƙuri na mako 4 zuwa 6 ba kifi, kana gwajin ruwan, har amoniya da naitirait su koma sifili.

Injin kuwa ya jira. Kifi biyu ƙanana, da canjin kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako, ba sa bukatarsa tukuna. Kuɗinsa ka zuba a batir ko sola da zai riƙe famfon juya ruwa idan an ɗauke wuta, don ruwa na tsayawa iska ke ƙarewa, kifi da bakteriya su shaƙe tare. Ga kuma zafinmu: kifin nan digiri 24 zuwa 27 yake so, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. In falon ba na'urar sanyaya ɗaki, ni dai ban ba ka shawarar farawa a bazara ba.

Ka kuma tambayi ruwan bohol da gishirin miya. A'a. Tataccen ruwa na RO, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa datti da sinadarai, da gishirin da aka haɗa musamman don kifin teku, wajen giram 35 a lita. Da hunturu za ka ga ruwan yana raguwa kullum, farin gishiri na kamawa a bakin gilashi. Cika shi da tataccen ruwa zalla. Ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan.