Hukuncin Saɓa wa Yaro Alkawari Saboda Binciken Ilimi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin nazarin halayyar yara. Malamin da ke duba aikina ya ce in maimaita wani gwaji da aka yi a Jami'ar Rochester ta Amurka da yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Za a shigar da yaro ɗakin gwaji, a ba shi tsofaffin fensiran kala, a ce ya jira za a kawo masa sababbi. Rabin yaran a kawo musu, rabi kuma a dawo hannu rabbana a ce babu. Daga nan a ajiye masa alewa ɗaya, a ce in ya yi haƙuri bai ci ba za a ƙara masa, ana ɗaukarsa a bidiyo. Shugabar makarantar yaran ta amince, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, wannan rashin kwanciyar zuciyar alheri ne, kada ki bari a goge miki shi da sunan wayewa.

Nazarin yadda yara ke tasowa halal ne. Cutar da su kuwa haramun ne ba saɓani, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam John Watson ya yi a 1920, yana buga ƙarfe a bayan jariri don ya cusa masa tsoron farin ɓera. Gwajin alewar ma, wanda masanin halayya Walter Mischel ya shahara da shi a Jami'ar Stanford, babu laifi a cikinsa matuƙar za a cika wa yaro ta biyun. Inda gizo ke saƙar shi ne fensiran nan: za ki ce "zan kawo maka" alhali kin riga kin shirya ba za ki kawo ba. Wannan ƙarya ce. Kin san hadisin Abdullahi ɗan Amir da Abu Dawud ya ruwaito, inda mahaifiyarsa ta ce masa "zo in ba ka", Annabi (SAW) ya gaya mata da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Na san za a kawo miki maganar Imam Gazali a cikin Ihya'u, cewa idan yaro ya ƙi makaranta sai da alkawarin ƙarya ko tsoratarwa, to ya halatta. Maganar tana nan, ba na musun ta, amma ba ta hau kan mas'alarki ba. Shi yana magana ne a kan maslahar da ke komawa ga yaron kansa, ya samu karatu. A nan me yaron ya samu? Digirin naki ne, takardar ta malaminki ce, shi kuwa ɓacin rai kawai ya kwasa. Sannan Gazalin da kansa ya gindaya sharaɗi: duk manufar da gaskiya za ta iya kaiwa gare ta, yin ƙarya a kanta haramun ne. Kuma ya yarda cewa ko wadda aka halatta ɗin ana rubuta ta, a tambayi mai ita niyyarsa. Masu cewa "ai yaro ne, zai manta", sakamakon gwajin na Rochester ma ya ƙaryata su: a cikin yara 28, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12 kafin su taɓa alewar, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3 kacal. To wa zai ce ba ta yi musu tasiri ba?

Ga mafita. A sa wani mutum daban ya riƙa jefa ƙuri'a a ɓoye, shi zai zuba fensiran a akwati ko ya bar shi fayau, ke ba ki sani ba. Sai ki ce wa yaron: "Bari in je in duba, in na samu zan kawo maka." Kin faɗi gaskiya ke nan. Na san bai yi daidai da tsarin asali ba, sai ki rubuta a kundinki cewa kin sauya da dalilinki. In an kammala, kowane yaro a damƙa masa sababbin fensiransa kafin ya fita.

Amincewar shugabar makaranta ba ta wadatar ba, domin ba ita ce waliyyiyarsu ba. Ki nemi izinin iyaye, ki bayyana musu komai, har da bidiyon, kuma kada hoton ɗan wani ya fita zuwa WhatsApp don a yi dariya. In akwai maraya a cikinsu ki ƙara taka-tsantsan. Yaron da ya fashe da kuka a tsayar da gwajin a rarrashe shi. Ki duba alewar ma, domin mashmalo, wato alewar nan mai laushi da ake shigowa da ita, sau da yawa akwai jelatin a ciki, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabba, wani na alade ne. Dabino ko alewar madara sun ishe ki. Kuma kada ki je ki ce wa wata uwa ɗanta ba shi da haƙuri don ya ci da wuri; wataƙila bai karya kumallo ba ne.

Malaminki kuwa ki same shi cikin ladabi, ki kai masa sabon tsarin a rubuce, kada ki fara da "haramun ne".

Wallahu a'alam.